Sulke, Lifidi da Yadin Kamfani: Wa Ke Ɗinka Wa Tarihin Kano Riga?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san lokacin da 'yan kallo su ke fara ɗage, kowa na leƙe ta kafaɗar na gaban sa. Lokacin ne da 'yan lifidi da 'yan sulke su ke kunno kai, doki ya sha lulluɓi har gwiwa, mahayin ya ɗora kwalkwali mai gashin jimina, mashi a hannu. A nan ne za ka ji dattijo ya na gaya wa jikan sa cewa da haka kakannin mu su ke fita yaƙi. Maganar dattijon gaskiya ce, amma ba duka ba. Siffar kayan ta dā ce. Shi kuwa yadin da a ka ɗinka su da shi, da zaren, da rinin, har da fatar da ke jikin sirdin, galibi ba su san zamanin yaƙi ba. Kayan inji ne, kuma labarin yadda su ka hau bayan doki ya bi ta Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Wannan batu bai tsaya kan mahaya kaɗai ba. Duk furodusan da ya ɗauko labarin Sarauniya Amina, ko Bayajida, ko wani sarkin Haɓe, tambayar farko da za ta tare shi ita ce: me za a sa wa 'yan wasa? Amsar da a ka saba bayarwa ita ce a je a aro a gidan wani hakimi, ko a shiga Kantin Kwari. To, kafin a je aron, ya kamata a san me a ke arowa.

ABIN DA TARIHI YA AJIYE

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature H.R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda a ke lissafa mulkin sa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Dalili kuwa shi ne irin asarar mayaƙan da ya yi a karon sa da mutanen Umbatu. Wato tun asali ba don ado a ka yi waɗannan kaya ba, don tsira da rai ne. Bayan sa, Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, shi littafin ya jingina wa kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage. Kanajeji ya kawo kayan kare kai, Rumfa ya kawo kayan ƙasaita. Su biyun ne mu ke gani a haɗe ranar hawa.

Shi lifidi aikin maɗinka ne. A na shimfiɗa yadi biyu, a cusa audugar rimi ko ta gona a tsakani, sannan a bi da allura a na tsagawa layi-layi domin kada audugar ta taru waje guda. A yi na mahayi, a yi na doki. Hikimar ita ce kibiya, musamman mai dafi, ta maƙale a cikin audugar kafin ta kai ga tsoka. Amma ya na da nasa aibin: ga zafi, ga nauyi, doki na saurin gajiya, kuma idan abokan gaba su ka harbo kibiya mai wuta, to abin da ke kare ka shi zai cinye ka. Shi ya sa 'yan lifidi ba su da yawa a runduna, a kusa da sarki a ke ajiye su, ko a tura su su fasa sahun abokan gaba.

Sulke kuwa riga ce ta zobban ƙarfe, kowane zobe a sarƙe da maƙwabtan sa. Dubban zobba ne ke tashin riga guda. A 1964 wani masani ɗan Ingila, A.D.H. Bivar, ya fitar da littafi kan tsofaffin makaman da ya duba a Arewa, inda ya nuna cewa mafi ingancin sulken da ke hannun masarautun mu shigo da su a ka yi ta hamada. A na gane na ƙwarai da cewa kowane zobe an ɗaure bakin sa da 'yar ƙusa, ba lanƙwasa waya kawai a ka yi a ka haɗa baki ba. Ashe ke nan tun a wancan zamani kayan barde haɗin gambiza ne, wani na gida, wani na fatake.

To, ina rigar da ke ƙarƙashin sulken? A nan ne Kano ta yi wa kowa zarra. Mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Maza su hau masaƙa su fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, faɗin sa bai wuce 'yan yatsu ba, wanda a ke kira ƙwarya. Waɗannan ƙwarya-ƙwarya a ke jerawa a ɗinke gefe da gefe da hannu har su tashi babbar riga, kuma yawan ƙwaryar riga na daga cikin abin da ke nuna darajar ta. Idan ta saƙi ce, za ka ga zanen ta kamar jikin zabo. Idan ta tsamiya ce, an yi ta da zaren da a ke samu daga gidan wata tsutsa ta daji, launin sa kamar ƙasa-ƙasa. Akwai kuma alharini, wani jan siliki da fatake ke kawowa daga Tarabulus. Daga nan sai masu aikin allura su zauna su yi wa aljihu da wuya ado, aska biyu ko aska takwas, aikin da kan ci watanni.

Rini ma sana'a ce mai zaman kan ta. A na haɗa baba da toka a cikin rami, a bari ya nuna, a riƙa tsoma yadi a na fitarwa ya sha iska, domin iskar ce ke juya shi shuɗi. Marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke lissafa kafuwar ta daga 1498, ita ta fi suna a yau, amma a ƙarni na 19 karofi ya cika ƙasar Kano, birni da ƙauye. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe ya na koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi digirin sa na uku a 1975 a kan wannan sana'a. Ya nuna yadda shafe ramuka da laso ya ba marina damar yin manyan ramuka masu ɗaukar kaya da yawa a kan farashi mai sauƙi. Garin Kura ya shahara da turkuɗi, wanda bayan rini mabuga ke bugun sa da garin shuni har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. Shi ne rawanin da Buzaye ke ji da shi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma su na kai wa har Tambutu da Tarabulus.

Haka abin ya ke a ɓangaren fata. Majema na jeme fatar jar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su mayar da ita kurufa da kube da kamazuru da adon sirdi. Wannan fata ce ta ƙetare hamada ta isa Turai, inda a ka laƙaba mata sunan Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito.

ZUWAN INJI

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Daga wannan rana aikin lifidi na yaƙi ya ƙare, sai na biki. Turawan ne ma su ka shigo da kalmar daba, wadda su ka taho da ita daga Indiya, su ka riƙa tara sarakuna da dawakan su don taryar manyan baƙi: a Kano a 1925 don Yariman Ingila, a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. Bayan mulkin kai ma an yi gagarumar daba a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. Hawan Sallah ya girmi Turawa nesa ba kusa ba, amma tun daga lokacin da harbi ya daina zuwa daga gaba, sai ido ya zama shi ne alƙali. Abin da a ke nema a lifidi yanzu shi ne ya ɗauki ido, ba ya tare kibiya ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Burin Turawa shi ne su kwashi audugar Arewa zuwa masaƙun Ingila, su dawo mana da ita a matsayin yadi. Da farko abin bai yi masu yadda su ke so ba, domin masaƙan gida sun fi su sayen auduga da tsada, manoma kuma su ka karkata ga gyaɗa. Amma sannu a hankali akoko da alawayyo da atamfa su ka cika kantuna. Shunin kamfani, wanda Jamusawa su ka fara sayarwa a 1897, ya shiga marina ya rage wa baba kasuwa. Keken ɗinki ya shiga Soron Ɗinki da sauran unguwanni.

Attajiran Kano ba su naɗe hannu ba. A farkon shekarun 1950 wasu daga cikin su, har da Alhaji Alhassan Ɗantata, su ka haɗa jari a kamfanin Kano Citizens Trading Company, wanda ya kafa masaƙar inji a Gwammaja. Wannan ya riga babbar masaƙar Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, a gabas da birni, kusa da layin dogo. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma su ka shigo a shekarun 1970, sai a ka buɗe Sharaɗa kashi-kashi har uku, sannan Challawa a bakin kogi, inda manyan kamfanonin jima su ka fi taruwa. Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda a 1972. Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya a shekarun 1980. Daga baya kamfanin ATM mai buga atamfa ya zauna a Challawa. Ban da su akwai masu kaɗa zare, da masu rini, da masu bargo, na 'yan ƙasa da na Kwarori da na Indiyawa.

Me wannan ya yi wa kayan hawa? Abu na farko, ya sauƙaƙa su. Hakimin da a dā sai ya yi shekara ya na tanadin rigunan yaran sa, yanzu zai iya sayen bandir-bandir na yadi kala ɗaya, tela ya ɗinke cikin mako biyu, tawagar sa ta fito anko. Launukan da baba da karan dafi ba sa iya bayarwa, irin su ruwan ɗorawa mai ƙyalli da shuɗi mai haske, su ka bayyana a jikin lifidi da jalala. Injin surfani ya riƙa gama aska takwas cikin 'yan kwanaki. Fatar kamfani, wadda a ke jemewa da sinadari cikin ɗan lokaci, ta fi ta bagaruwa laushi da daidaiton launi. Mafi yawan ta waje a ke fitarwa, amma abin da ya rage ya na gangarowa kasuwar Ƙofar Wambai, hannun masu takalma da dukawa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan duk asara ce. Ba don arhar yadin inji ba, da wuya hawan Sallah ya kai yawan dawaki da mahayan da ya kai. Injin ya ciyar da dubban gidaje, kuma audugar da ya ke saƙawa ta manoman Arewa ce. Sai dai abin da ya ɗauke shi ne cinikin yau da kullum na masaƙi da marini. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita kuwa, ɗan sa ba zai gaje ta ba.

Daga nan sai shi ma injin ya gamu da gamon sa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji da sinadarai su ka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma kan janareta da baƙin mai. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 kuma a ka ɗage takunkumin shigo da yadi. Ga fasa-ƙwauri ta kan iyakar Nijar. Yadin Chaina ya mamaye Kantin Kwari a kan farashin da babu masaƙar gida da za ta iya karawa da shi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta bi sahu a 2007, a Kano ma masaƙu su ka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Bagauda da Gaskiya duk su ka yi shiru. Da yawa daga gine-ginen Bompai da Sharaɗa sun koma ɗakunan ajiyar kaya ko kamfanonin roba. Saboda haka rigar barden yau ta bi hannu uku: an fara saƙa ta a zauren masaƙi, a ka koma saƙa ta a Bompai, yanzu kuma a kwantena ta ke zuwa.

INA 'YAN FIM?

Ɗan kallon hawa daga nesa ya ke hange, kuma cikin ƙura. Kyamara kuwa har ƙofar hanci ta ke zuwa. Ta na nuna bambancin yadin da a ka ɗinke ƙwarya-ƙwarya da wanda ya fito daga inji shimfiɗa guda. Ta na nuna layin keken ɗinki. Yadin roba na mayar da hasken fitila kamar leda, shi kuwa saƙi shanye haske ya ke yi, ya zauna a kafaɗa da nauyin sa. Ko wanda bai san tarihi ba zai ji a jikin sa cewa wannan sarkin na fim bai yi kama da mai mulki ba, ya fi kama da ango.

Magabata a wannan sana'a sun san haka. Marigayi Adamu Halilu ya yi 'Shaihu Umar' a 1976, daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma yi 'Kanta of Kebbi' a 1978, a lokacin da masaƙa da marinan da su ka gaji aikin ke da yawa a raye. Med Hondo ya yi 'Sarraounia' a 1986, labarin sarauniyar Aznan Lugu ta Nijar daga littafin Abdoulaye Mamani, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Finafinan bidiyo na gidan sarauta, irin su 'Gimbiya Fatima' da 'Sangaya', ba su ce tarihi su ke bayarwa ba, don haka alkyabbar aro ta wadatar da su. Amma da 'Amina' na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, sai ga shi ya ci kyautar tsara sutura a gasar AMVCA ta 2022, alhali a nan Arewa suturar na cikin abin da 'yan kallo su ka fi yi wa ca. Wato abin da ya burge alƙalai a Legas bai gamsar da masu tarihin ba. Sukar ta yi daidai, sai dai tambayar ita ce: da mu a ka ba kuɗin, da me za mu fito da shi?

A ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tarihi da ke taruwa su kwaikwayi yaƙe-yaƙen dā. A Ingila a kan maimaita yaƙin Hastings na 1066 a filin da a ka gwabza shi, kuma masu tsananin bin ƙa'ida a cikin su ba sa yarda a ga ɗinkin keke ko yadin roba a jikin mahalarci. Su kuma masu fim dabara su ke yi. Waɗanda su ka shirya 'The Lord of the Rings' sun yanka bututun roba ne su ka fitar da miliyoyin zobba, su ka sarƙa da hannu, su ka shafa masu ruwan ƙarfe, don 'yan wasa su samu sauƙin motsi. Ba laifi ba ne a yi dabara. Amma sai da su ka san yadda sulken gaske ya ke kafin su kwaikwaye shi.

Mu ma mu na da inda za mu duba. A kogunan dutsen Bandiagara na ƙasar Mali an samu riguna da huluna na auduga, saƙar ƙwarya, wasu da rinin baba, waɗanda masana su ka ce sun faro tun daga ƙarni na 11. Su ne mafi kusa da abin da mutumin yankin nan zai sa a zamanin Kanajeji: taguwa mai faɗi, fara ko shuɗiya, ba tarkace. Manyan rigunan nan masu aska takwas da ke gidajen tarihi na Turai kuwa galibin su na ƙarni na 19 ne, zamanin Daular Sakkwato. Atamfa sai a ƙarshen ƙarnin nan ta iso Afirka ta Yamma. Saboda haka fim ɗin zamanin Rumfa daban, na zamanin Dabo daban, na zamanin Abdullahi Bayero daban. Mai kula da sutura da ya haɗa su a tukunya ɗaya ya yi wa shekaru ɗari biyar kuɗin goro. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na nan cikin Kano, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga tsofaffin hotunan daba. Sannan ba dole sai kowa a fim ya sa saƙi ba. Jarumai biyar ko shida da kyamara za ta matsa kusa da su a yi masu na gaske, sauran taron a nemi yadin auduga zalla a kai Ƙofar Mata a rina. Sharaɗin kawai shi ne a ba da aikin da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya.

A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. An yi murna, kuma ta cancanta. Amma a wannan shekarar da wadda ta biyo ta, jami'an tsaro sun hana hawan Sallah fiye da sau ɗaya saboda rikicin sarauta, kamar yadda annobar korona ta hana a 2020. Duk Sallar da ba a hau ba, maɗinkin lifidi da baduku da mai gyaran sirdi sun rasa cinikin da su ke jira tun bara. Masaƙun Bompai da su ka rufe, idan an samu jari da wuta, a na iya sayo sababbin injuna a tayar da su. Hannun da ya iya tsaga lifidi ko bugun turkuɗi kuwa ba a sayo shi a kwantena. Idan furodusoshin mu su ka fara ware wa waɗannan dattawa wani kaso a cikin kasafin fim, kamar yadda su ke ware wa mawaƙi da mai kyamara, to sun samar masu kasuwa ta biyu wadda ba ta jiran ganin wata.